Jiƙon Maɗaci da Ƙwaryar Gwaska

Ga wata nan na kawo muku, ku matso da tabarmi ku tare ta, tunda ruwan nan ya hana kowa zuwa gona. Hannu na ɓarar gyaɗa, kunne na wurina. Amma tun yanzu in gaya muku, akwai aladu a cikinta. Malam Ilu, na ga ka tofar da yawu. Ba cewa na yi ka ci ba, cewa na yi ka saurara, kuma in na gama kai zan fara tambaya.

A can kudu, gindin duwatsu, an yi wata unguwa ta Maguzawa da ake kira Unguwar Barmo, da sunan Sarkin Nomansu. Manoma ne na gaske, kuma sun koyi kiwon aladu wurin maƙwabtansu na kan dutse. Alade a wurinsu ba abin wasa ba ne. Da shi ake aure, da shi ake ciyar da 'yan gayya, da shi ake sallamar mamaci. Da rani sukan sake su su yi ta yawo, amma da zarar shuka ta fito sai kowa ya kulle nasa a shinge, kada su tone gonaki. Shingen nan guda ne shekara da shekaru. Cikin taɓo da kashi suke ci, a nan suke kwana, har kaka ta yi.

A ƙarshen unguwar akwai wata tsohuwa, sunanta Gwamma. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ba ta da ɗa namiji, sai mata uku, kuma kowace ta yi aure a wani ƙauye daban. Babbar ita ce Tanoma, mai bi mata Hakama, auta kuma Kyauta. Gwamma na zaune ita kaɗai da aladunta biyar da wata bishiyar maɗaci a bayan ɗaki. Tsohuwa ce mai ciwon ciki da yawan mita. Kullum da safe sai ta sha jiƙon sassaƙen maɗaci, ta yamutsa fuska, ta yi ta gunaguni da mijinta da ke cikin ƙasa, wai ya tafi ya bar ta da shan ɗaci. Abin da ya rage a ƙwarya kuwa ba ta zubarwa, don Gwamma ko ruwan wanke hannu ba ta son a yi asararsa. Sai ta juye wa aladu a komin abincinsu, tana ci gaba da gunaguninta.

Wata shekara damina ta yi nauyi, ruwa ba dare ba rana, shingaye suka zama kududdufai. Sai aladun unguwar suka fara tari. Gashinsu ya miƙe, cikinsu ya kumbura, ƙashin bayansu ya fito. Suna ci kamar ba gobe, amma sai ramewa suke yi. Ƙanana suka fara mutuwa, manya suka biyo baya. Yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Mutanen nan suna da wata al'ada: dabbar da ta mutu irin wannan mutuwa ba a feɗe ta, ba a ma taɓa ta da hannu. Igiya ake zarga mata da sanda a ja ta zuwa wani rami a bayan gari. Sun yi imani cewa duk wanda ya buɗe cikin abin da maye ya ci, maitar za ta bi hannunsa ta shiga jikinsa. Saboda haka aladu suka yi ta mutuwa, ba wanda ya taɓa leƙa abin da ke cikinsu.

Tsoro ya kama unguwar. Wanda ya sa ranar aure ya rasa abin kaiwa, wanda ya kira gayya ya rasa abin yankawa. Ana cikin haka sai aka lura da abu ɗaya: aladun Gwamma biyar suna nan sumul, sai sheƙi suke yi, ko tari babu.

Matar Sarkin Noma, Dudu, ita ta fara magana. Ta ce da idonta ta ga Gwamma da sassafe tana zuba wa aladunta wani jan ruwa kamar jini, bakinta na motsi, tana magana da wanda ba a gani. Kuma ba ƙarya ta yi ba, jama'a, ta gani ɗin. Jiƙon maɗaci ja ne. Wata ta ce ita ma ta gani. Kafin rana ta faɗi magana ta gama gari: Gwamma mayya ce, tana kama kurwar aladun mutane tana ɗaurewa a jikin maɗacin nan, tana shayar da nata jininsu. Yau aladu ne, gobe kuma yara.

Washegari samari suka sare bishiyar, suka tara mata kara suka ƙone ta ƙurmus, har saiwa suka tone. Aka kama Gwamma aka sa ta a wani tsohon ɗaki, aka kewaye shi da ƙaya. Sarkin Noma Barmo ya aika a kira mai gwaska.

Ku yaran yanzu ba ku san gwaska ba, kuma Allah ya sa kada ku sani. Sassaƙen wata bishiya ce mai dafi, a daka a jiƙa a ba wanda ake zargi ya sha a gaban jama'a. In ya amayar, a ce ya kuɓuta. In ta zauna masa a ciki, ya mutu a nan, a ce gaskiya ta fito. Gwamma tana budurwa ta taɓa ganin an ba wani dattijo. Ta ga yadda ya yi ta tonon ƙasa da farce kafin ya daina motsi. Ta kuma san cewa tsohuwa mai ciwon ciki kamarta ba za ta tashi ba. Aka ce mai gwaska zai ba ta ranar kwana na huɗu, da hantsi.

Labari ya kai wa 'ya'yanta. A ranar farko duk su ukun suka iso, kowace da laka har gwiwa. Ba wanda ya amsa gaisuwarsu. Mata na hango su suna janye yara suna shigewa gida. Suka tsaya a bayan ƙaya suna leƙen uwarsu, ita kuwa tana zaune a ƙasa ta rungume gwiwa, ta tsufa a ɗan lokacin nan kamar an ƙara mata shekara goma.

Ta ce, “Ku koma gidajenku. Kada a shafa muku.”

Tanoma ta ce, “Inna, an riga an shafa mana tun ranar da kika haife mu.”

To, ga abin da babbar ta yi.

Tanoma mace ce mai taurin kai, ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Ta ce ita sai ta ga abin da ke kashe dabbobin nan. Da la'asar ta ɗauki wuƙa ta nufi ramin bayan gari, inda aka jefar da wani alade da safiyar ranar. Kada ku ɗauka ba ta tsoro. Ita ma a cikin al'adar nan aka haife ta, ita ma ta yi imani maita na bin hannu. Wuƙar ta faɗi daga hannunta sau biyu kafin ta isa. Ta sauka cikin ramin, ƙuda sun yi baƙi, wari kamar zai tsaga kai, ungulaye na tsaye a baki suna kallonta. Ta ɗaura igiya a ƙafar mushen ta ja shi ita kaɗai har dandali, gaban ƙofar Sarkin Noma.

Mutane suka watse, suka tsaya daga nesa. Wani dattijo ya ce mata, “'Yar nan, in kin sa hannu a nan, kin gama cin tuwo da mutane.” Ta ji shi sarai. Ta durƙusa ta tsaga cikin, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta jawo hanji ta yanka.

Abin da ya zubo, har yau in na tuna yadda kakata ke kwatanta shi sai tsigar jikina ta tashi. Macizan ciki ne, farare, dogaye, kowanne ya kai tsawon taƙi, sun cure sun toshe hanjin kamar igiyar da aka cusa a gora. Wasu har lokacin suna motsi. Tanoma ta ɗebo su da hannu biyu ta ɗaga, ta ce, “Ga mayyarku nan. Irin wanda ke fita daga cikin yaranku ne.”

Kuna tsammani an saki Gwamma? Ina. Dudu ta ce ai mayyar ce ta zuba macizan. Jama'a suka ce haka ne. Amma Sarkin Noma ya matso yana kallon abin, don shi ma aladiya ɗaya ta rage masa, wata baƙa, uwar garkensa, kuma ta fara tari. Can ya ce, “In tsutsa ce, tsutsa tana da magani. Ku fitar da ita daga cikin aladiyata tana raye, in gani da idona, kafin hantsin kwana na huɗu. In kun yi, uwarku ta kuɓuta. In aladiyar ta mutu a hannunku, ko ba a ga komai ba, za ta sha.”

Da Tanoma ba ta tsaga cikin nan ba, da ba a san abin da ake nema wa magani ba, da kuma ba a sami wannan ƙofa ba. Amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara karɓar ko ruwa daga hannunta. Labari ya riga ta isa gidan mijinta, aka ware mata ƙwarya da murhu, aka hana ta girkin gida.

Ga kuma abin da ta tsakiyar ta yi.

Hakama mai shiru ce, amma ba ta mantuwa. Kowa na tambayar me ya kashe aladun mutane, ita kuwa sai ta tambayi kanta me ya hana na Inna mutuwa. Ta koma bakin ƙaya ta ce, “Inna, don Allah mene ne jan ruwan nan da ake cewa kina zubawa?”

Gwamma ta ce, “Wane jan ruwa? Ragowar maɗacina ne. In zubar a ƙasa?”

Nan take Hakama ta tuna. Suna yara, duk sanda ɗayarsu ta fara ramewa da kumburin ciki, maɗacin nan Inna ke matse musu hanci ta ɗura musu, bayan kwana ɗaya a ga tsutsa ta fita. Ashe tsohuwar ta shekara tana yi wa aladunta magani ba ta sani ba. Abin da aka kama ta da shi, shi ne abin da zai cece ta. Sai dai bishiyar ta zama toka, kuma a duk wannan gefen babu wani maɗaci. Wanda kowa ya sani yana ƙetaren rafi.

Rafin nan da rani yaro ma na tsallake shi. Amma a tsakiyar daminar waccan shekarar ya cika ya batse, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da rumbunan mutane, ƙararsa tun daga unguwa ake ji. Kwana goma ba wanda ya ƙetare. Mazan da ke ƙetarar da mutane da gora sun ce ko uwarsu ce a can gefen sai dai ta jira. Hakama kuma ba ta iya ruwa ba.

Da safiyar kwana na biyu ta ɗaure gatari a baya, ta rungumi wata babbar gora, ta tsaya a bakin ruwa. Ta daɗe a tsaye. Ta shiga har ƙugu ta fito, ta zauna ta yi kuka, ta sake tashi. A karo na biyu ta rufe ido ta saki ƙasa. Ruwa ya ɗauke ta ya yi ta juyi da ita, ta sha ta sha, ba ta saki gorar ba. Can ƙasa sosai ya watsar da ita cikin wasu rassa a wancan gefen. Ta rarrafa ta fito, ta bi gaɓa da ƙafa har ta sami maɗacin, ta sassaƙi ɓawonsa ta gabas da ta yamma kamar yadda ta ga Inna na yi, ta ƙunshe a zane ta ɗaure tam a ka.

Dawowar ta fi tafiyar muni, don yanzu ta san abin da ke jiranta. A tsakiyar ruwa wani kututture ya taho ya daki ƙafarta, ta ji ƙashi ya ce ƙas. Da ta saki gora ta kama ƙafar, da shi ke nan. Da ta bar ƙunshin ya kwance, da wahalar ta tashi a banza. Ta riƙe gora da hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙunshi, har ruwa ya gaji da ita ya tofar. Tanoma ce ta tsince ta da yamma a bakin wata gonar dawa, ta goyo ta zuwa gida, sassaƙen na nan a kanta.

Da Hakama ba ta yi tambayar nan ba, da ba a san maganin ba, da kuma ba ta shiga ruwan ba, da sanin bai amfana komai ba. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Mace ce da ke noma gayaunarta ta ciyar da 'ya'ya huɗu, daga ranar sai da sanda take tafiya.

Saura auta.

Tun da safiyar da Hakama ta nufi rafi aka nemi Kyauta aka rasa. Ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Yayyenta suka ɗauka tsoro ya kore ta, Tanoma har ta ce auta dai auta ce. A ranar kuma mai gwaska ya iso, wani dogon mutum marar magana, da jakar fata a kafaɗa. Ya sauka gindin tsamiya daura da ɗakin da aka tsare Gwamma, ya fitar da ɗan turminsa ya fara daka. Tsohuwar tana jin kowane bugu. Da ya gama ya jiƙa kaɗan ya ɗura wa wata kaza don a ga kayansa na da kyau. Kazar ta yi taku uku ta kife.

Safiyar kwana na uku, ba lokacin jiƙo, sai Tanoma ta tafasa sassaƙen, ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Suka kai shingen Sarkin Noma, jama'a na biye, suka zuba rabi a komi. Aladiyar ta taso da ƙyar, ta shinshina, ta sa hanci ta kifar da komin. Rabin abin da Hakama ta ba da ƙafarta a kansa ya bi taɓo. Na Gwamma sun saba da ɗacin tun suna ƙanana, wannan kuwa ba ta taɓa ji ba. A danne ta a ɗura mata, ga ta ba ƙarfi, tana iya shaƙewa ta mutu a hannunsu, kuma kun ji abin da Sarkin Noma ya ce. Tanoma da Hakama suka tsaya suna kallon juna.

Sai ga Kyauta ta ɓullo da tulu a ka, ƙafafunta duk sun fashe. Ita mai dafa giya ce a ƙauyen mijinta, kuma duk mai wannan sana'a ta san halin alade: ko yana bakin mutuwa, in ya ji ƙanshin dusar giya sai ya tashi. Tun da ta ji an ambaci maɗaci ta san aladiyar ba za ta sha ba, ta kuma san ba mai ba su ko cokali ɗaya na dusa a Unguwar Barmo. Shi ya sa ta yi tafiyar rabin yini zuwa gida, ta kwana, ta juyo tun kafin asuba. Ta haɗo da 'ya'yan gwanda da ta daka, don a can da su ake yi wa yara maganin tsutsa. Ta dama dusar da sauran maɗacin da garin 'ya'yan gwandar, har ƙanshin ya danne ɗacin.

Za ta zuba ke nan Dudu ta ce a tsaya. Ta ce wa ya san abin da 'yar mayya ta kawo daga wani gari a cikin tulu? Jama'a suka ɗauka. Sarkin Noma ya ce, “Ki sha tukuna. Ƙwarya guda. Sannan ki tsaya nan a tsaye har rana ta raba. In kin faɗi ko kin amayar, guba ce.”

Ku duba wannan lamari. Ba wanda ya san ƙarfin abin nan. Jiƙon da Inna ke sha ruwa-ruwa ne, wannan kuwa an tafasa shi ya yi kauri, an auna shi don dabbar da ta fi Kyauta nauyi sau biyu. Hakama daga inda take zaune ta ce, “Kyauta, kada ki sha, ni na ga yadda aka dafa shi.” Kyauta ta dubi ƙwaryar. Ta dubi gindin tsamiya inda mai gwaska ke zaune. Ta ce, “Yaya, in ban sha wannan ba, Inna za ta sha waccan.” Ta kafa kai ta shanye.

Ba a jima ba cikinta ya fara murɗawa. Gumi ya karyo mata, idonta ya yi ja, amai ya taso har maƙogwaro ta haɗiye, ya sake tasowa ta sake haɗiyewa. Ta kama sandar shinge, aka ce ta saki. Ta saki. Tun hantsi take tsaye, mutum fiye da ɗari sun zuba mata ido suna jiran ta faɗi, tana ganinsu bibbiyu, har inuwarta ta dawo ƙarƙashin ƙafarta. Sannan Sarkin Noma ya ɗaga hannu. Ta zuba haɗin a komi da kanta, aladiyar ta taso ta lashe shi tas. Sai da Kyauta ta kai bayan ɗakin uwarta ta yarda ta faɗi.

Da Kyauta ba ta kawo dusar nan ba, da maganin bai shiga cikin aladiyar ba, da kuma ba ta sha ta tsaya ba, da ba a bari an ba ta ba. Amma ta yi wata guda a kwance, kuma daga nan cikinta bai ƙara karɓar giya ba, ko ƙanshinta ta ji sai amai. Mai dafawa da ba ta iya ɗanɗanawa ta gama sana'a. Ta kife tukwanenta.

Yinin nan aka yi ta leƙen shinge, ba a ga komai ba. Aladiyar ta kwanta ta yi lamo, tana numfashi sama-sama. Gari ya waye, kwana na huɗu, har yanzu ba komai.

Da hantsi aka janye ƙaya aka fito da Gwamma. Ba ta iya tsayuwa, sai aka zaunar da ita a tsakiyar dandali. Tanoma na gefe ita kaɗai, ba mai matsowa kusa da ita. An kawo Hakama a kan ƙyauren kara, Kyauta na jingine da bango. Mai gwaska ya tace kayansa a sabuwar ƙwarya ya miƙa. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Kun yi abin da za ku iya.” Ta ɗaga ƙwaryar.

Sai aka ji muryar mace daga bayan taro tana cewa a dakata. Dudu ce. Ta tsaya a gida don ba wa aladiyar ruwa, ta fito riƙe da fartanya a miƙe, nesa da jikinta. A kan bakin fartanyar ga macizan ciki nan a cure, suna motsi. Ta ajiye a gaban mijinta ta ce, “Yanzu ta kasayar da su. Akwai wasu a shingen. Ta tashi tana neman abinci.”

Sarkin Noma ya je ya gani da idonsa, ya dawo, ya karɓi ƙwaryar daga hannun Gwamma ya kifar a ƙasa. Sai da aka ɓamɓare yatsunta, don sun ƙage a jikin ƙwaryar.

Da ruwa ya janye, mutanen da suka ƙone maɗacin su ne suka riƙa ƙetare rafi neman sassaƙensa. Aladun da suka rage suka tashi. Aka sauya wa shingaye wuri, aka dasa gwanda a kowane gida. Aka zo ana ba Gwamma haƙuri, wannan da kaza, wancan da damin dawa. Ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ta ce ita ba za ta ƙara kwana a garin da ta san fuskar kowa ranar da ta ɗaga ƙwaryar nan ba. In ta ji ana daka a maƙwabta, sai jikinta ya hau rawa.

Ta ɗaure 'yan kayanta, ta kora aladunta biyar, ta fita har mararrabar da hanyoyin ƙauyukan 'ya'yanta suka rabu uku. Ta zauna a kan ƙunshinta. Kowace a cikinsu na so ta tafi da ita, kuma ba don aladun ba. Tanoma na son wanda zai ci daga hannunta, Hakama na son wanda zai kama mata yara, Kyauta na son uwarta kusa da ita ta koya mata wata sana'ar.

Gwamma ta ce, “Jikina ɗaya ne, kuma na tsufa da yawo gida-gida. Wadda ta fitar da ni daga ƙwaryar nan, ita zan bi, a ɗakinta zan mutu.”

Sarkin Noma, da ya biyo su rakiya, ya gyara murya zai yi magana. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu ta ce, “Kai kam ka gama yanke hukunci a kaina.” Ya ja da baya.

To, ga ta nan zaune a mararraba, rana na yi, ba ta tashi ba. Ga wadda ta sa hannu inda kowa ke tsoro, aka daina cin abincinta. Ga wadda ta gano maganin ta shiga ruwan da maza suka ƙi, ta bar ƙafarta a can. Ga wadda ta san bakin dabbar, ta sha abin da ba ta san ƙarfinsa ba, ta rasa sana'arta. Cire ɗaya a cikinsu, Gwamma ta sha gwaska.

Malam Ilu, ajiye gyaɗar nan, da kai na ce zan fara. Wace ce a cikin ukun nan ta fi cancanta ta tafi da uwarta?